Kama da Wane Ba Ta Wane: Tambayoyi Hamsin, Salula da Littafin Josef Schovanec a Ma'aunin Kurni

A ƙasar Kance, kamar sauran ƙasar Hausa, yaron da ya cika shiru yana da sunayen da aka tanadar masa tun kaka da kakanni. Idan shirun ya zo da ladabi, a ce mai kunya ne. Idan ya zo da ɗaure fuska, a ce miskili ne. Idan kuwa abin ya wuce misali, har yaro ba ya amsa kira, ba ya wasa da sa'o'insa, sai a rage murya a ce akwai taɓin iska. Yanzu salula ta ƙaro suna na huɗu. Ɗalibin Kurni da ke karatun lise a Matameye ko Damagaram, wanda ya iya Faransanci kuma yake da ɗan kuɗin mega, yana iya cin karo da gajeren bidiyo mai lissafa alamomi biyar na wata lalura, daga nan ya faɗa kan wani gwaji mai tambayoyi hamsin, kafin shayi ya nuna ya yanke wa kansa hukunci da harshen makaranta: « je suis autiste ».

Wannan nazari ya ɗauki gwajin da bidiyon, ya haɗa su da wani littafi da mai lalurar ya rubuta game da rayuwarsa, domin a karanta su yadda ake karanta kowane rubutu: wa ya rubuta, domin wa, kuma me ya bari bai faɗa ba. Dalilin yin haka shi ne, akwai abubuwa uku da suka yi kama da juna a ido, wato kunyar da tarbiyya ta koyar, da tsatsar da rashin cuɗanya ke sa wa harshe, da lalurar da ake haihuwar mutum da ita. Duk wanda ya cakuɗa su zai ba mai lafiya sunan da ba nasa ba, ya bar mai lalurar gaske a ƙuryar ɗaki.

Sunan abin da asalinsa

A shekarar 1943 wani likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 waɗanda tun suna ƙanana ba sa neman hulɗa da mutane yadda aka saba, kuma ba sa jure a sauya musu tsarin abubuwa. A 1944 Hans Asperger, a birnin Biyena, ya yi bayanin wasu yara masu kama da waɗannan, sai dai su suna magana, wasunsu ma da fasaha. Likita Lorna Wing ta Ingila ce ta fito da aikin Asperger fili a 1981, sannan a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya tattara nau'o'in ƙarƙashin suna guda. Wannan shi ne abin da Faransanci ke kira « autisme », wanda a nan za a rubuta otizim.

Sharuɗɗan da likitoci ke dubawa a fili suke. Na farko, wahala mai ɗorewa wajen hulɗa da fahimtar abin da mutane ke nufi da murya da fuska da ishara. Na biyu, maimaita motsi ko magana, ko manne wa tsari guda, ko ƙwallafa rai kan abu ɗaya, ko jin ƙara da haske da taɓi fiye da kima. Bayan haka dole ne alamomin su kasance tun ƙuruciya, kuma su zama suna tauye rayuwar mutum. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya shafi mutane fiye da miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna cewa gado ne ke ɗauke da kimanin kashi 80 cikin ɗari na dalilin lalurar. Ƙididdigar duniya ta 2021 kuwa ta kiyasta mutum 1 cikin 127 yana da ita. Ko da lissafin bai faɗa daidai a kowane gari ba, ya isa ya nuna cewa ƙaramar hukuma irin Kurni ba za ta rasa masu ita ba.

Kafofin watsa labarai na Hausa sun fi kiran ta « galahanga ». Kalmar tana da aibi biyu: a bakin jama'a tana ɗauke da ƙanshin zagi, ana jifan wanda ake ganin hankalinsa bai cika ba da ita, kuma akan jingina ta ga lalurori dabam-dabam da ba su da dangantaka. Ba abin mamaki ba ne matashin da ke zargin kansa ya gudu zuwa kalmar Faransanci, wadda a kunnensa ta fi kama da shaidar ilimi.

Tambayoyi hamsin daga Kambirij

Gwajin da ya fi yawo a intanet, wanda ake kira AQ, Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na jami'ar Kambirij ne suka wallafa shi a 2001, kuma a ƙarshen wannan shekara mujallar Wired ta Amurka ta buga shi ga kowa da kowa. Jimloli hamsin ne, an kasa su gida biyar, goma-goma: iya hulɗa, iya sauya hankali daga wani abu zuwa wani, lura da ƙananan abubuwa, sadarwa, da ƙirƙira cikin zuci. Mai amsawa yana faɗin ko ya yarda da kowace jimla ko bai yarda ba. An gwada shi kan manya 58 masu lalurar, da mutane 174 da aka zaɓo barkatai, da ɗaliban Kambirij 840. Kashi 80 cikin ɗari na masu lalurar sun sami maki 32 ko fiye, alhali kashi 2 kacal na sauran mutane suka kai haka. Mawallafan da kansu sun gargaɗi masu karatu cewa makin ba hukuncin likita ba ne, ishara ce kawai ta a je a bincika. Wannan gargaɗi shi ne abu na farko da ke faɗuwa a hanya idan gwajin ya shiga salula.

Idan aka karanta jimlolin da idon malamin harshe, nan da nan za a ga fuskar wanda aka rubuta dominsa. Wata jimla tana son mutum ya zaɓa tsakanin zuwa ɗakin karatu da zuwa liyafa. Wata tsakanin gidan wasan kwaikwayo da gidan tarihi. Wata tana tambayar ko yakan lura da lambobin motoci. Mutumin da ke bayan waɗannan tambayoyi ɗan birni ne, mai lokacin hutu na kansa, wanda zuwa taro a wurinsa sha'awa ce. A Kurni biki da suna da jana'iza hakki ne. Mai so da marar so duk za su je, domin wanda bai je na mutane ba, ba za a zo nasa ba. Gidan tarihi na Bubu Hama kuwa yana Yamai, fiye da kilomita 800 daga nan. Ɗalibin da bai taɓa shiga ko ɗaya daga cikin wuraren biyu ba zai amsa ne da ka, kuma amsar tasa za ta zama maki.

Babban gibin ya fi wannan zurfi. Gwajin ya ɗauki jama'a a matsayin abu guda: ko hulɗa da ita tana yi wa mutum sauƙi, ko tana yi masa wuya. Bahaushe kuwa yana da zama iri-iri, kowane da dokarsa. Saurayin da ba ya iya haɗa jimla biyu gaban mahaifinsa ko surukinsa shi ne wanda, idan dare ya yi, ba a jin muryar kowa a fada sai tasa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a bainar jama'a, kuma babu mai cewa ba ta son shi. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin « mutumin kirki » a 1974, kunya da ladabi suna cikin siffofi goma da ya lissafa, tare da gaskiya da amana da haƙuri da sauransu. Sunkuyar da kai, da taƙaita magana, da barin babba ya fara, duk darussa ne da aka sha wahala kafin a koya wa yaro. Gwajin da bai san wannan ba zai lissafa tarbiyya cikin alamomin ciwo.

Hasali ma ko a ƙasar da aka haife shi gwajin yana tuntuɓe. Wani bincike da aka yi a wani asibitin Landan kan manya 476, aka wallafa a 2016, ya gano cewa makin bai iya hasashen hukuncin da likitoci suka yanke daga baya ba, kuma yawan fargaba yana iya kumbura shi. Ɗalibin da ya bar ƙauye, yake zaune gidan mutane a birni, yake fama da Faransancin da ba ya fita yadda yake so, ga jarrabawar bak a gabansa, yana da isasshiyar fargabar da za ta ba shi maki mai yawa.

Bidiyon minti ɗaya

Gajeren bidiyo na TikTok da makamantansa wani nau'in adabi ne mai ƙa'idojinsa. Yana buɗewa da alkawarin tona asiri, ya jera alamomi biyar ko bakwai, ya rufe da gayyatar mai kallo ya gane kansa. Alamomin kuwa irin waɗanda kowa zai iya sa wa hannu ne: gajiya bayan taro, ƙin amsa kiran waya, shirya magana a zuci kafin a faɗe ta, jin cewa ba a fahimce ka ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai duba ya san wannan dabara. Mai bugun ƙasa ba ya cewa komai sai abin da ya dace da kowa: akwai mai yi maka hassada a kusa, akwai tafiya a gabanka, zuciyarka tana da kyau amma ba a gode maka. A 1948 wani malamin ilimin halayya a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda iri ɗaya, ya ce wa kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewarta, sai suka ba ta kimanin maki 4,3 cikin 5.

Masu bincike na jami'ar Drexel ta Amurka sun duba bidiyoyi 133 da suka fi farin jini a TikTok cikin masu bayani kan otizim, suka wallafa sakamakon a 2023: kashi 27 cikin ɗari ne kawai ke daidai, kashi 41 kuskure ne, kashi 32 kuma sun ɗauki halin mutum guda sun yafa wa kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar tana ɗaga bidiyon da mutane da yawa suka tsaya a kansa, mutane kuwa suna tsayawa ne inda suka ga kansu. Bayani na gaskiya, wanda zai ce wa mafi yawan masu kallo « wannan ba kai ba ne », ba shi da kasuwa.

Alamar da bidiyoyin suka fi so ita ce ƙin haɗa ido. A Faransa malami yakan ce wa yaro ya dube shi idan yana yi masa magana. A Kurni yaron da ya tsare babba da ido sunansa mai tsaurin ido. Likitan da ya san aikinsa yana tambayar yadda jariri ya yi da idon uwarsa lokacin shan nono, da yadda yaro ke yi da tsararsa a wurin wasa. Bidiyo ba shi da lokacin wannan bambancewa.

Abin da salula ta yi wa gaisuwa

Akwai masu cewa tushen matsalar duka waya ce. Kafin a yanke mata hukunci ya kamata a tuna abin da ta kawo. Tun da salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga 2001, masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Shirin yaƙi da jahilci ta hanyar salula da aka gwada a jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010 ya nuna manyan da suka koyi rubutu tare da waya sun fi sauran riƙe abin da suka koya. Ƙasar Kance kuma ƙasar cin rani ce: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutane 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga wannan yanki. A gidan da ya san irin wannan jira, saƙon murya na WhatsApp da ke cewa an sauka lafiya ba abin rainawa ba ne, kuma tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana aika nata ba tare da ta nemi mai rubuta wasiƙa ba.

Duk da haka Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma maganar tana da ma'ana fiye da tafiya. Gaisuwar Hausa makaranta ce. Yaron da aka aika gidan kawunsa zai yi sallama ya jira, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya bi jerin ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, yana sauraron inda murya ta sauka domin ya san lokacin da zai shigo da saƙonsa, yana duban fuska a kaikaice domin ya gane ko yau ranar roƙo ce ko ta haƙuri. Ba kalmomin ne darasin ba. Darasin shi ne karɓa-karɓar magana, da jure shiru, da gyara kuskure nan take a gaban wanda aka yi wa. Saƙon murya ya riƙe kalmomin duka, har ma yakan tsawaita su, amma ya zubar da wancan. Mai aikawa yana iya gogewa ya sake, mai karɓa yana iya saurara gobe. Labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi fuskar ba ta nan.

Haka abin yake a fada, wannan majalisar shayi ta samari da ta bunƙasa a biranen Nijar tun shekarun 1990, wadda Adeline Masquelier ta yi wa littafi guda a 2019. A nan ne saurayi ke koyon musu ba tare da faɗa ba, da ba'a ba tare da cin mutunci ba. Fadar da kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa tana nan da tabarmarta da butarta, amma aikin ya ragu.

Shin wannan yana lalata iya hulɗa? Binciken masana ya rabu. A 2014 wasu masu bincike a Kalifoniya sun kai yara 51 sansanin daji na kwana biyar babu waya babu talabijin, suka tarar sun fi takwarorinsu ci gaba wajen karanta yanayin fuska. A 2020 kuma Douglas Downey da Benjamin Gibbs sun kwatanta yaran Amurka da suka shiga makaranta a 1998 da waɗanda suka shiga a 2010, ba su ga raguwar iya hulɗa ba a bisa shaidar malamai da iyaye. Abin da za a iya ɗauka daga binciken farko shi ne, abin da rashin amfani ya dusashe, kwana kaɗan na cuɗanya suna iya fara wasa shi. Otizim kuwa ba ya tafiya da kwana biyar a daji.

A nan ne wata magana da ta tashi a Faransa ta yi ɓarna. A 2017 likita Anne-Lise Ducanda ta yaɗa cewa yaran da suka yi yawan kallon allo suna nuna alamomi masu kama da otizim, aka shiga kiran abin « autisme virtuel », ƙungiyoyin iyaye da masana da dama suka yi tir da wannan suna. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ajiye jariri gaban allo, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a rana. Yaro yana koyon magana ne daga bakin mutum. Amma cewa allo yana haifar da otizim magana ce dabam, kuma sau da yawa ana juya sanadi ne: yaron da hulɗa ke yi wa wuya shi ya fi manne wa allo. Faransa ta taɓa shan irin wannan ruwa lokacin da ra'ayin Bruno Bettelheim, mai littafin La Forteresse vide, ya ɗora laifin lalurar kan sanyin zuciyar uwaye. Bai kamata a sake ɗora shi kan uwar da ta miƙa wa ɗanta waya domin ta samu ta gama daka ba.

Shaidar Schovanec

Wanda ke son sanin yadda lalurar take daga ciki, littafin Je suis à l'Est ! na Josef Schovanec, wanda kamfanin Plon ya buga a 2012, ya fi masa bidiyo ɗari. Sunan littafin wasa ne da karin maganar Faransanci da ke cewa mutum « yana yamma » idan hankalinsa ba ya tare da jama'a. Marubucin, wanda aka haifa a 1981 kusa da Paris, ɗan iyayen da suka fito daga ƙasar Cek, sai ya ce shi gabas yake. Bai yi magana ba sai da ya kai wajen shekara shida. Ya sha duka da tsangwama a hannun ƴan makaranta. Da ya girma likitoci suka ɗauke shi mai taɓin hankali, suka ɗora shi kan magunguna masu nauyi na tsawon shekaru kafin a gane ainihin abin da ke tare da shi. Duk da haka ya gama babbar makarantar Sciences Po, ya yi digirin dakta a falsafa, ya koyi harsuna da dama.

Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa. Marubucin yana bayyana doguwar shirin da yake yi kafin ya shiga jirgin ƙasa na cikin gari, da faɗuwar gaban da ke kama shi idan waya ta yi ƙara, da yadda ƙa'idojin gaisuwa da kowa ke bi ba tare da tunani ba suka zame masa darasin da sai an haddace kamar nahawun baƙon harshe. Yana yin haka da barkwanci marar ɗaci, yana juyo da madubi kan masu ganin kansu lafiyayyu, har mai karatu ya fara ganin al'adunsa a matsayin abin mamaki. Wannan ya yi daidai da abin da Damian Milton, masani mai lalurar, ya kawo a 2012: rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake, domin su ma sauran mutane ba su iya karanta mai otizim ba.

Abu biyu ne ɗalibin Kurni zai amfana da su a nan. Na farko, labarin Schovanec ya fara ne tun kafin ya iya magana, tun kafin salula. Ba shi da wani zamani da ya kasance gwanin hira sannan abin ya gushe. Wanda ya tashi yana langa da dambe da tsararsa, yana tashe da azumi, sai a aji na ƙarshe ya ga ya fi son ɗaki da waya, labarinsa wani ne dabam. Na biyu, ga mai lalurar gaske rubutu sau da yawa gada ce: saƙon da ba ya buƙatar haɗa ido, wanda ake iya tunani kafin a amsa, ya buɗe wa da yawansu ƙofar da baki ya rufe. Wayar da ke rage wa wani gwaninta ita ce ke ba wani murya.

Littafin yana da nasa rauni. Babi-babinsa suna yawo, misalai suna maimaituwa, kuma duk da marubucin ya ƙi a kira shi gwani na musamman, mai karatu yana rufe littafin da hoton mai otizim masanin harsuna. Wannan hoto ne ke sa sunan ya yi wa matashi daɗin ɗauka. Alhali kuwa kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na yara masu lalurar ba sa magana ko kalmominsu ƴan kaɗan ne, kuma da yawa suna buƙatar mai kula da su har iyakar rayuwa. Waɗannan ba sa rubuta littafi, ba sa cika gwaji.

Mai ɗaki da wanda aka manta

Ba daidai ba ne a yi wa mai zargin kansa dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma labarin Schovanec kansa shaida ne cewa likita ma yana kuskure. A inda ƙwararru suka taru a Yamai da manyan birane irin su Damagaram da Kano, ce wa ɗan ƙauye « je ka ga likita » ba ƙaramar magana ba ce. Akwai manya, musamman mata, da suka rayu shekaru suna ɓoye wahalarsu a bayan kunya, domin al'adar da ke sa a zargi mai lafiya ita ce kuma ke lulluɓe mai lalura: yarinyar da ba ta magana, ba ta ɗaga ido, sai a yaba mata. Ga irin waɗannan, ranar da suka ji sunan abin ranar sauƙi ce. Zargin kai yana da amfani idan ya zama mafarin tambaya.

Tambayar kuwa ba a salula amsarta take ba, tana wurin uwa da kaka da yayar da ta yi goyo. Yana waiwayowa idan an kira sunansa yana ɗan shekara guda? Yana nuna abu da yatsa domin a gani tare da shi? Yaushe ya fara magana? Yana wasan ƴar tsana ko na motar kara tare da yara, ko jera abubuwa yake yi shi kaɗai? Ƙarar injin niƙa tana sa shi toshe kunne yana kuka? Sannan a duba ji, domin sanƙarau, wanda jihar Damagaram ta sha fama da shi, har da ɓarkewar 2022 zuwa 2023, yana barin yara da kurumta, kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da tamowa suna jinkirta magana. Da waɗannan amsoshi ne tafiya asibitin Matameye ko na Damagaram za ta yi ma'ana.

Likitan Najeriya Muideen Bakare da abokin aikinsa Kerim Munir sun nuna a 2011 cewa yaran Afirka masu otizim suna isa asibiti a makare, kuma da yawan waɗanda ke isa ba sa magana, bayan an gama zagaya masu magani. Wannan shi ne yaron da hayaniyar intanet ba ta ambata: wanda aka yi wa turare da rubutun sha, aka ce iska ce, wani lokaci aka ɗaure shi don kada ya ɓace, uwarsa kuma tana shan zargin dangin miji. Ranar 2 ga Afrilu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa lalurar tun 2008 dominsa aka yi ta.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, akwai aikin da ke jiran masana harshe da likitocin jami'ar André Salifou ta Damagaram da takwarorinsu na Kano: a samo wa lalurar suna marar zagi, a kuma tsara tambayoyin da suka san bambancin zaure da fada, waɗanda ungozoma da malamin firamare za su iya yi wa uwa da harshenta. Kafin nan, ɗalibin da ya sami maki 35 yana da abin yi wanda ba ya cin ko dala: ya ajiye wayar mako guda, ya je gaishe da kawunsa da ƙafa, ya karɓi butar shayi a fada, sannan ya zauna da mahaifiyarsa ya tambaye ta yadda yake yana ɗan shekara biyu.